Ka Faɗa wa Jamilu da Bakinka

Kibiya, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan ka tashi lafiya, ina roƙon Allah Ya sa wannan tafiya da ke gabanka ta zama ta alheri, Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya da mutuncinka da addininka.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya. To, ka san yadda muke ni da kai. In na zaunar da kai, sai ka sunkuyar da kai kana tonon ƙasa da tsinke, ni kuma in yi ta kewaye-kewaye har a kira salla mu tashi ba a faɗi komai ba. Shi ya sa na zauna a rumfar gona na rubuta. In ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da fartanya yanzu.

Ummanka ta isar min da saƙonka. Ta ce kamfanin waƙar da zai ɗauke ka yawon wasa ranar Asabar ya ce kai kaɗai yake so, suna da mai haɗa musu kiɗa, babu wurin Jamilu. Ta ce ka kasa faɗa masa, kana so ka tafi tukuna, in motarka ta ɗaga ni in kira shi in lallashe shi tunda yana jin maganata. Abba, ba zan yi ba. Jamilu abokinka ne tun kuna firamare. Duk waƙoƙin da mutanen nan suka ji a waya har suka neme ka, shi ya haɗa kiɗansu a ɗan shagon cajin wayarsa na Rano, da kwamfutar nan tasa mai tsagaggen gilashi. Har yanzu yana zaton da shi za a tafi. Abin da kake shirin yi masa na riga ka yi wa wani, kuma gara in gaya maka yadda abin ya kasance.

Ka san Malam Sale direba, dogon nan da ke jigila tsakanin Kibiya da Kano, wanda in mun haɗu a tasha muke gaisawa da hannu biyu. Ka san kuma na yi waƙa da ƙuruciya, domin mutanen gari ba sa barin mutum ya manta. Abin da ba ka sani ba shi ne tare da Sale na fara.

Muna sakandare a Rano lokacin da kaset ɗin hip-hop ya fara shigowa hannun samari daga Kano. Ba ma jin Turancin da ake zubawa a ciki, saurin maganar da bugun kiɗan ne suka tafi da mu. Sale ne ya fara cewa, ai wannan gambara ce aka sa wa wando mai faɗi, mu ma za mu iya. Gidansu na wajen Dawaki, Fulani ne da suka zauna suna noma, kuma in aka tashi daga makaranta sai mu haye duwatsun Rurum inda babu mai ji ballantana ya kai wa kakanka tsegumi. Shi ya buga jarka, ni in zuba baiti. Waƙoƙinmu na kan taki da ba ya zuwa sai an gama noma ne, da malamin lissafi, da 'yan matan da ba su san muna duniya ba. Muka raɗa wa kanmu suna Zakaru Biyu. Ka yi dariya in kana so, ni ma yanzu in na tuna sai in rufe fuska.

Aikin Sale shi ne amshi, amma ba irin wanda ake jira a gama baiti a maimaita ba. Ina zuba magana da sauri, in na kusa ƙarshen layi sai ya ɗauke min kalmomin ƙarshe, ni kuma in saci numfashi in faɗa layi na gaba. Mai sauraro zai rantse mutum ɗaya ne wanda ba ya gajiya. Ba mu taɓa zama mun tsara haka ba. Yana jin inda ƙirjina yake ƙarewa ne kawai, ya shigo.

Kuskurena na farko shi ne na yarda da abin da jama'a suke faɗa. Muna wasa a bikin makaranta ko a dandali, ni ke gaba, Sale na ɗan baya da ni. In aka tashi, ni ake rungumewa, ni ake ce wa, “Garba, kai fa ba na ƙauye ba ne.” Da farko nakan ce mu biyu ne. Daga baya na daina cewa, daga bayan wannan kuma na daina tunawa. Abba, jama'a fuskar da ke gaba suke gani, ba laifinsu ba ne, daga ƙasa suke kallo. Kai da ke kan dandamali ka san hannu nawa ne suka riƙe waƙar. In kai ma ka koma ganin abin da idon 'yan kallo, to ka fara ɓata.

Mun tara abin da muka tara muka je Kano muka ɗauki waƙa a situdiyo. Kaset ɗin ya faɗa hannun wani mai shirya wasanni, kowa Oga yake ce masa, ban taɓa jin an kira shi da wani suna ba. Ya aiko mu zo. Muka je, muka yi masa waƙa a ofishinsa, ya yi ta gyaɗa kai. Da za mu fita sai ya aiki Sale ya sayo masa ruwa, ya dube ni ya ce, “Kai nake so. Dogon nan da ke bayanka, abin da yake yi ai faifai ma zai yi. Kujera ɗaya gare ni a mota.” Na ce zan yi shawara. Ƙarya nake yi, kafin Sale ya dawo da ruwan na gama shawarar.

A hanyar komawa Rano yana ta tsara irin kayan da za mu ɗinka iri ɗaya. Na buɗe baki zan faɗa masa, na rufe. Washegari ma haka. Ba ƙiyayya ba ce, tsoron fuskarsa nake ji, kamar yadda kake jin tsoron ta Jamilu. Da ranar tafiya ta zo na ce masa mu haɗu a tashar Rano bayan azahar, ni kuma na shiga motar sassafe. Na gaya wa kaina in na zauna da gindina zan aiko a ɗauko shi. Wannan maganar ita ce wadda duk mai gudu yake gaya wa kansa, na tabbata kai ma ka fara. Ban aiko ba.

Wasana na farko ba tare da shi ba a wani gari ne wajen Gombe, da yamma, fili ya cika maƙil. Yadda ake yi, a sa faifai mai kiɗa da muryarka a ciki, kai kana bi a kai. Na yi waƙa ɗaya lafiya. Ina tsakiyar ta biyu janareta ya yi tari ya mutu. Samari suka hau ihu, “A yi da baki! A yi da baki!” Na ce wannan ai abin da muke yi a kan dutse ne. Na ɗaga murya na faɗi layin farko, na zo ƙarshensa, bakina ya saki kalmomin ƙarshe kamar yadda ya saba, babu wanda ya ɗauka. Na biyu ma haka. Na ce bari in cike da kaina, numfashi ya ƙwace, na tsaya ina haki da makirufo a hannu. Sai dariya, sai ledar ruwa a kafaɗata. Washegari Oga ya mayar da ni farkon wasa, lokacin da mutane ba su gama shigowa ba.

Don haka ka koyi yin waƙarka ba kiɗa, ba faifai, kai da ƙirjinka. Ka san inda kake numfashi a kowane layi. Kuma ka saurari waƙoƙinka da kunnen basira, domin ni na saurara, duk da ka ɗauka ba na ji. Duk inda harshenka yake sarƙewa in ka yi sauri, Jamilu ya ɗan janye gangar ya bar maka fili. Ban sani ba ko ka taɓa lura. Sabon mai kiɗan da za su ba ka bai san ƙirjinka ba, kuma yana da mawaƙa da yawa a gabansa, ba zai zauna ya koya ba. Kai za ka gaya masa, kuma ba za ka iya gaya masa abin da ba ka sani ba. Wanda ya sani yana Rano, ka tambaye shi kafin ka tafi.

Yawon wasa kuma ba abin da kake gani a waya ba ne. Wasan ɗan lokaci ne, sauran duk mota ce. Lasifikoki ne ke samun wuri mai kyau, ku kuna matse a tsakaninsu, gwiwa a haɓa. Abinci shayi da burodi, in an yi sa'a taliya a bakin tasha. Na taɓa rasa murya ɗungurum ana gobe wasa, ba don waƙa ba, don musun ƙwallo da na yi ta yi a mota da ƙarfi tun daga Bauchi, na kuma bi da ruwan ƙanƙara. Muryarka ita ce jarinka, ka daina kashe ta a kan gardamar da ba ta ƙara maka komai. Sallarka kuma kada ka ce sai an sauka, ba a sauka da wuri. Matafiyi yana da rangwamen kasaru, ka je wurin Malam Liman ya sake bi maka hukuncinta kafin Asabar. Direba ba ya ƙin tsayawa in mutum ɗaya ya dage, sai dai kowa yana jiran wani ya fara magana. Za kuma a samu wanda zai miƙo maka ƙwaya ko kwalba ya ce tana gyara murya, tana hana barci. Na karɓa, na sha, ta hana barcin, ta kuma hana ni sanin abin da bakina yake faɗa. Allah Ya taimake ni cikina ya ƙi ta. Wanda ya ba ni, cikinsa bai ƙi ba, kuma na ga yadda ya ƙare.

Akwai wani gari a ƙasar Katsina da ba na mantawa. Lokacin na ɗan yi suna, ni ne babba a motar. Muka iso da hantsi, yaran kaya suka fara kafa lasifika a filin da aka nuna mana. Direbanmu, wani dattijo, ya ce, “Garba, ku je ku gaida mai unguwa tukuna, ku ji ko gari lafiya.” Na ce muna da takardar izini, gaisuwar me kuma. Aka kunna kiɗa don gwaji, ƙasa ta ɗauki rawa. Ashe bayan katangar da muka jingina lasifikar zaman makoki ake yi, da safen nan aka kai mai gidan. Ba su zage mu ba, da ma zagin suka yi. Wani tsoho ne ya fito daga cikin masu zaman ya tsaya yana kallonmu, ya ce, “Samari, daga wane gari?” Na ce Kano. Ya ce, “A Kanon ba a mutuwa?” Muka kwashe kayanmu. Har yau in na tuna sai in ji kunya, domin in da a Kibiya wani baƙo ya yi mana haka, na san abin da zan ce a kansa. Duk garin da kuka sauka, ka fara neman manyansa ka durƙusa ka gaishe su, ka tambayi ko an yi rashi, ka tambayi lokacin da suke salla. Takardar izini daga ofis take, mutanen gari ba su sa mata hannu ba. In 'yan motarku sun yi maka dariya sun ce baƙauye, ka amsa, ai baƙauyen ne.

Za ka yi abokai a hanya, kuma ba na ce mugaye ba ne. Wanda kuka raba burodi ɗaya a mota, kuka tura ta tare a cikin taɓo, dole ka ji shi a ranka. Amma ka san irin abotar. Zazzaɓi mai zafi ya taɓa kayar da ni a wani masauki a hanyar Yola. Sun jira ni iya abin da za su iya, sun saya min magani, sannan mota ta tafi, domin an riga an manna takardun wasa a gari na gaba. Na ji haushi a lokacin, amma daga baya na gane ko ni ne haka zan yi, haka sana'ar take. Mai shayin ƙofar masaukin ne yake leƙo ni da ruwan zafi. Ina kwance na yi ta tunanin wanda zan aika wa ya taso ya zo ya ɗauke ni ba tare da ya tambayi dalili ba. Sale kaɗai ne ya zo min a rai, shi kuma ba ni da bakin aika masa. Ranar na yi kuka, ba na ciwo ba. Ƙarshe Kawu Isa, ƙanin kakanka, shi ya zo, kuma tun daga can har Kibiya bai daina yi min faɗa ba.

Na warke na koma. A tsakanin nan aka yi aurena da Ummanka, aka haife ka, aka sa maka sunan kakanka, ni kuwa ina zuwa gida kamar baƙo in kwana in wuce. Sai zamani ya juya. Mutane suka koma waƙar soyayya mai fiyano, kaset ya mutu, waƙa ta koma abin da ake tura wa mutum a waya a bakin kasuwa. Aka ce in sassauta, in sa mace ta yi min amshi, in rage faɗa a cikin baiti. Na ce ni ba na waƙar kuka. Wannan taurin kan a lokacin sunansa kishin sana'a a wurina. Cikin waɗanda muka yi yawo tare, wani ya koyi sarrafa na'urar sauti, wani ya koyi ɗaukar hoto, wani ya koma rubuta wa yara baiti. Duk na raina su, na ce sun sauka daga dandamali. Har yau suna cin abinci a cikin harkar. Ni da na ƙi sauka, ba wanda ya sauke ni, daina kira na kawai aka yi.

Na daɗe a Kano bayan an daina kiran. Ina zama a ƙofar situdiyo da ƙatuwar riga ina ba yara labarin zamaninmu, suna ce min Oga, suna kaucewa in sun hango ni. Na yi sanƙira a bukukuwa, ina kiran sunan ƙawayen amarya a makirufo. Wannan ba abin kunya ba ne, sana'a ce, abin kunyar shi ne yadda nake ɓuya in na hango motar Kibiya don kada a zo gida a ce an gan ni. Kakanka bai taɓa son waƙata ba, amma bai taɓa zagina a kanta ba. Da ya ga abin ya yi tsawo sai ya aiko min da saƙo ta bakin wani mai kai albasa. Ya ce, “Ka ce wa Garba gwiwata ta ƙi, ga fadama ba mai ba ta ruwa. Ka kuma ce masa jiya ɗansa ya kira Isa Baba.” A satin na tattara na dawo.

Ban yi nadamar waƙa ba, kada ka ɗauka wannan takardar ta hana ka ce. Da ina son hana ka da na hana tun ranar da na ji ka a gona kana gwada baiti a kan bugun injin ban ruwa. Ka fi ni murya, ka fi ni natsuwa, kuma lokacinku ya fi namu hanyoyi. Abin da nake cewa shi ne suna yana da lokacinsa, kuma lokacin bai kai tsawon ran mutum ba. Tun sunanka yana da zafi ka tsaya kusa da mai na'ura ka ga abin da yake murɗawa, ka koyi yadda ake shirya wasa, ka karanta duk takardar da za ka sa wa hannu, in ba ka gane ba ka kawo a karanta maka. In ranar canji ta zo ka canza da ƙafarka, kada ka jira a manta da kai. Gona kuma tana nan, tumatur da attaruhu ne suka yi maka makaranta, ba faifai ba.

Yanzu bari in gama maka zancen Sale. Shekarar da na dawo, da na yi ɗiban tumatur na farko, na kai kwanduna tasha zan kai Kano. Motar da ke kan layi tasa ce. Ban san ya zama direba ba. Ɗan kamasho ya ce in shiga gaba, na rasa yadda zan ce a'a. Muka gaisa kamar waɗanda suka rabu jiya. Ya tambayi kakanka, na tambayi Inna, mahaifiyarsa, wadda furarta da nononta suka raine mu muna 'yan makaranta. Muka wuce Rano, muka wuce Bunkure. Can na ce, “Sale, ka yafe min.”

Bai juyo ba, idonsa na kan titi. Ya ce, “Na yafe tun tuni. Ni fa tafiyar ba ta dame ni ba. Da ka ce min kai kaɗai suke so, wallahi ni zan ɗaukar maka jaka zuwa tasha. Ka fi ni murya, na sani, ba yaro ba ne ni. Amma a bakin ɗan kamasho na ji, a gaban mutane, ina tsaye da jaka da sabon takalmi. Inna ta riga ta zaga dangi ta ce ɗanta zai shiga rediyo. Ka san inda na wuni? Bayan dutse, don kada in shiga gida da rana a gan ni da jakar.”

Na ce, “Tsoro na ji.”

Ya ce, “Tsoron me? Na taɓa dukanka?” Sai ya yi 'yar dariya, ya ce in riƙe masa canjin fasinja.

Mun shirya, Abba. Ya zo sunan ƙanwarka, na je jana'izar Inna, in kayana suna tasha ba ya bari su kwana. Amma da Garbati yake ce min, yana dungure min kai, muna cin tuwo a kwano ɗaya. Yanzu Malam Garba yake ce min, ni kuma in ce Malam Sale. Mutane suna ganin girmamawa ce, mu biyu mun san mene ne. Na samu yafiya, ban samu abokina ba, kuma a shekaruna ba a yin sabo irinsa.

Ka lura, ban ce lallai sai an tafi da Jamilu ba. Ba kai ke da motar ba, kuma hanyar abokai tana rabuwa ba tare da kowa ya yi laifi ba. Wataƙila shi rabonsa a haɗa kiɗa yake, yara su riƙa zuwa daga Kano suna neman shagonsa. Abin da yake hannunka shi ne yadda zai ji. Ka je da ƙafarka, ba a waya ba, ba ta bakin Ummanka ba, ba ta bakina ba. Kada ka faɗa masa a gaban masu karɓar caji, ka ja shi ku fita. Ka faɗi maganar a farko, kada ka yi irin kewaye-kewayen ubanka. Kada ka yi masa alkawarin za ka aiko a ɗauke shi, tunda ba ka san ko za ka iya ba. Abin da za ka iya shi ne ka gaya wa mutanen kamfanin nan tun kafin ka sa hannu cewa kiɗan waƙoƙin nan na Jamilu ne, sunansa ya fito a jiki duk inda aka sa su. In ya yi fushi ka tsaya ka sha, haƙƙinsa ne. In ya zage ka kada ka rama. Daga nan ka wuce gidansu ka durƙusa ka yi wa mahaifiyarsa sallama, ka faɗa mata da kanka, domin ita ma ta riga ta gaya wa maƙwabta. Wataƙila ya raka ka tasha ranar Asabar, wataƙila ya ƙi. Ko wanne ya yi, za ka iya kallon idonsa in ka dawo.

Jiya da la'asar ya same ni a gona, ya aro babur ya taso tun daga Rano. Ya gaishe ni ya kama min jan tiyo ba tare da na sa shi ba. Ya ce, “Baba, tunda kai ka yi yawon nan, wai da gaske Jos akwai sanyi? In sayi rigar sanyi ko ta Abba za ta ishe mu?” Ban amsa ba, sai ya ɗauka damuwar tafiyarka ce take cina. Ya ce, “Baba, ka kwantar da hankalinka, zan kula maka da shi a hanya. Ka san shi, in yana fargabar wasa ba ya cin abinci, sai an tsaya a kansa.” Na sunkuya ina taɓa injin da babu abin da ya same shi. Na ce Allah Ya yi masa albarka, ya ce amin, ya hau babur ya tafi yana ɗaga min hannu. Na ji kunyar yaron nan ƙwarai, kuma na yi masa shiru sau ɗaya saboda kai. Ba zan yi na biyu ba, ba kuma zan faɗa masa ba. Ya ce gobe Alhamis zai shiga kasuwa sayen rigar, ka same shi kafin ya saya.

In ka dawo daga wurinsa, ko me ya ce maka, ka same ni a gona.

Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya kare ka daga sharrin mota da sharrin mutum da sharrin kanka. Allah Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa ka zama ɗaya daga cikinsu. Allah Ya sanyaya zuciyar Jamilu, Ya buɗa masa tasa hanyar. Na yafe maka duniya da lahira, Allah Ya yi maka albarka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba